An ce sai an yi min aiki a idon sawu: wa ya taɓa yi?

Maman Husna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Wata tara ke nan tafin ƙafata ta hagu yana min zafi kamar na taka garwashi. Da safe da sauƙi, amma in na wuni a tsaye, kafin dare sai in rasa inda zan sa ta. Wani lokaci yatsun su sage, in riƙa jin kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Na sha maganin kashe zafi har na gaji, na canza takalmi, an yi min allura sau ɗaya a gefen idon sawun, na samu sauƙin sati uku, abu ya dawo sabo. Jiya likita ya ƙwanƙwasa bayan idon sawun ta ciki da yatsansa, wallahi sai da na zabura, kamar lantarki ya ja ni har babban yatsa. Ya ce jijiya ce ta matse, in ba sauƙi sai an yi aiki an sake ta. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min tsakani da Allah.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni dai in za ki ji tawa, kada ki yarda. Shekara uku ke nan da aka yi min irinsa. Zafin yana nan inda yake, ga ƙarin tabo wanda ko safa ta goge shi sai na ji a raina. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Anti Bilki: Haba Baban Sadik, kada ka tsorata baiwar Allah. Ni ma an yi min, ƙafar dama. A daren da aka yi aikin, duk da zafin yanka, na san wancan zugin ya tafi. Yau shekara biyar ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Maman Husna: To kun gani ko? Abin da nake ta fama da shi ke nan. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma.

Dakta Nura: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Dukansu biyun gaskiyarsu suka faɗa, kuma ina kyautata zaton ba ciwo ɗaya aka yi musu aiki a kai ba, ko da yake yankan iri ɗaya ne. Bari in fara da kalmar jijiya, don ita ke rikita mu. Mukan ce jijiya ga mai ɗaukar jini, mu ce jijiya ga agarar da ke jan ƙashi, mu kuma ce jijiya ga mai kai saƙon ji da motsi. Ta ukun ake nufi a nan.

Ki taɓa ƙashin idon sawunki na ciki, ki ɗan zame yatsa baya, wajen dunduniya. A nan akwai wani ɗan kwararo: ƙashi ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma wani kakkauran maɗauri da ya rufe shi kamar ɗamara. Ta cikinsa agara uku ke wucewa, da jijiyoyin jini, da babbar jijiyar saƙon da ke kula da tafin ƙafa gaba ɗaya. Wurin ba ya miƙewa. Duk abin da ya ƙaru a ciki, jijiyar saƙon ce ke shan matsi, don ita ce mafi laushi. Aikin kuwa shi ne a tsaga wannan ɗamarar, a bi jijiyar da rassanta a tabbatar ba abin da ya danne su, in akwai wani baƙon abu a cire shi.

Anti Bilki, me aka ce an samu da aka buɗe?

Anti Bilki: Wani ƙululu ne mai ruwa-ruwa a ciki. Tun kafin aikin ma an gan shi a hoto.

Dakta Nura: Yawwa. Kai fa Baban Sadik?

Baban Sadik: Ni ba a ce an ga komai ba. An dai ce an saki jijiyar.

Dakta Nura: To nan bambancin yake. In akwai abin da ido ya gani yana danne jijiyar, ƙululu ne, ko ƙarin kitse, ko kumburarrun jijiyoyin jini, ko ƙashin da ya warke a karkace bayan karaya, an fi dacewa da aikin. In kuwa an buɗe ba a san me ake nema ba, sakamakon ba shi da tabbas.

Auwal Ɗalibi: Likita, in ƙara da ɗan tarihi. A 1962 ne likitoci biyu, Keck a Amurka da Lam a Ingila, kowa da nasa rubutun, suka raɗa wa ciwon sunan da ake kiransa da shi yanzu, wato ciwon kwararon tasal (tasal na nufin ƙasusuwan idon sawu). Ƙwanƙwasawar da aka yi wa Hajiya kuma ita ce alamar Tinel. Jules Tinel likitan Faransa ne, ya bayyana ta a 1915 lokacin da yake duba sojojin da suka ji rauni a jijiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Baban Sadik: Ɗan makaranta, jarrabawa ta kusa ke nan.

Auwal Ɗalibi: Saura sati biyu, Baba. A sa mu a addu'a.

Dakta Hauwa: Allah ya ba da sa'a, Auwal. Ni ɓangaren jijiyoyi nake, kuma aikina sau da yawa shi ne in taka wa 'yan'uwana masu wuƙa birki, Dakta Nura ya yi haƙuri. Maman Husna, ga tambayoyina. Ƙafa ɗaya ce ko biyu? An auna miki suga? Kina ciwon baya, ko zafi mai saukowa daga ɗuwawu ta bayan cinya? Saman ƙafar ma yana sagewa, ko tafin ne kawai?

Dalilin tambayar, zafin tafin ƙafa ba shi da uwa ɗaya. Ciwon suga kan lalata jijiyoyi, amma shi yakan kama ƙafa biyun tare, ya fara daga yatsu yana hawa kamar an sa safa. Ƙarancin bitamin B12 na yin haka, yawan shan giya na yi, raunin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, na yi, wasu magunguna ma na yi. Faifan ƙashin baya in ya zame ya danne tushen jijiya a ƙugu, mutum kan ji zafin a tafin ƙafa alhali ƙafar lafiyarta ƙalau. A wuraren da har yanzu ake samun kuturta kuma, wannan jijiyar ta bayan idon sawu tana cikin waɗanda cutar ta fi kamawa, ta kumbura ta yi kauri, kuma a nan magani ne a gaba. Duk waɗannan, tsaga ɗamara kaɗai ba zai kore su ba.

Baban Sadik: Likita, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ƙafa biyun ne suke zafi, aka ce a fara da wadda ta fi tsanani. Bayan shekara ɗaya da aikin ne aka ɗauki hoton bayana aka ga faifan ya zame.

Anti Bilki: Ash! An bar jaki ana dukan taiki.

Dakta Nura: Ba zan yanke wa abokin aikin da ban ga abin da ya gani ba hukunci. Akwai mutanen da jijiya ɗaya ke matsuwa a wuri biyu, a baya da kuma a idon sawu, sai a saki wuri ɗaya, ɗayan yana nan a matse. Amma na yarda, ƙafa biyu suna zafi tare alama ce ta a dakata a duba sama tukuna.

Akwai kuma wani dalilin rashin nasara da ya shafe mu masu yankan. Jijiyar ba ta tsaya a kwararo ɗaya ba. Da ta fito sai ta rabu: reshe ɗaya ya nufi ɓangaren babban yatsa, ɗaya ɓangaren ƙaramin yatsa, wani kuma dunduniya. Manyan biyun kowanne da ɗan ramin da yake shigewa a ƙarƙashin tsokar da ke gefen tafin ƙafa. In likita ya tsaga ɗamarar sama kawai ya rufe, bai bi rassan ba, ya buɗe zaure ne ya bar ƙofar ɗaki a kulle. Aiki na biyu kuwa kullum ya fi na farko wuya, don tabo ya riga ya naɗe jijiyar.

Maman Husna: Dakta Hauwa, ƙafa ɗaya ce, ta hagu. Ba na ciwon baya. Saman ƙafar lafiya lau, tafin ne da ƙasan yatsu. Suga kam rabona da aunawa an fi shekara biyu.

Dakta Hauwa: To bayaninki ya fi kama da matsewar gaske. Duk da haka ki auna sugan. Ki nemi a yi miki hoton sikanin na wurin, ko MRI in ya samu, a ga ko akwai abin da ya cika kwararon. Eksire ƙashi kawai yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Akwai kuma gwajin da ake sa ɗan lantarki a auna saurin saƙo a jijiya. Yana taimakawa, musamman wajen gane ko ciwon ya game jiki ne, amma ki sani yana iya fitowa lafiya alhali matsewar tana nan. Shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai.

Kabiru Gashin Ƙashi: Ni ma in tofa. Hajiya, in kin tsaya, tafin ƙafarki yana shimfiɗewa ƙasa gaba ɗaya, dunduniya ta karkata waje? In haka ne, jijiyar jan ta ake yi duk takun da kika yi, ba matsi kaɗai ba. Irin waɗannan mukan sa musu abin tallafe tafi a cikin takalmi, mu ƙarfafa tsokar da ke riƙe da bakan ƙafar, mu sassauta sha-raɓa. Wasu da wannan kaɗai suke rabuwa da ciwon. Canza takalmi daban, gyara takun daban. Ban ce kowa zai warke a hannunmu ba, amma ina jin takaicin ganin wanda aka yanka bai taɓa zuwa wurinmu ko sau ɗaya ba.

Dakta Nura: Ba musu. Yawanci sai an yi watanni ana waɗannan ba nasara ake maganar aiki. Sai dai in an ga ƙari a fili, ko tsokokin ƙafar sun fara shanyewa. A nan jira ba alheri ba ne, don jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo daidai ba ko an sake ta.

Alhaji Tanko: Likitoci, ku ba tsoho dama. Shekara goma sha shida ina da suga. Ƙafafuna biyu zafi da dare, da rana kuma kamar a kan auduga nake tafiya. Ɗana ya nuna min a intanet cewa akwai aikin da ake yi wa masu suga a saki jijiyoyin ƙafa, zafin ya tafi, har ji ya dawo. Gaskiya ne ko tallan masu neman kuɗi?

Dakta Hauwa: Ranka ya daɗe, aikin akwai shi. Wani likitan tiyata a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Lee Dellon, shi ya yi fice da shi, ya wallafa sakamakon marasa lafiyarsa a 1992. Hujjarsa ita ce suga na kumbura jijiya, in ta kumbura sai ta matse a wuraren da dama can ƙunci ne: gefen gwiwa ta waje, saman ƙafa, da bayan idon sawu. Amma a 2006 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta duba hujjojin ta ce ba a tabbatar da amfaninsa ba. Ni har yanzu ba na tura mai suga a yi masa shi don kawai ƙafarsa na zafi. Ga haɗarin rauni a ƙafar mai suga, wanda kai ka fi ni sani.

Dakta Nura: A nan ni da Dakta Hauwa muka ɗan rabu. Ban ce a yi wa kowane mai suga ba, Allah ya kiyaye. Amma mai suga ma ai mutum ne, jijiyarsa na iya matsewa kamar ta kowa, har ma ya fi kowa saurin haka. A hannu ba wanda ke musun a saki jijiyar wuyan hannu ga mai suga in ta matse. Me ya sa ƙafa za ta zama daban? In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsanani, in an ƙwanƙwasa wurin yana ja, jini na gudu sosai a ƙafar, suga kuma ya daidaita, ni ba zan rufe ƙofa ba.

Dakta Hauwa: Hannu muna da gwajin da muka amince da shi, ƙafa ba mu da kamarsa. Kuma abin da ka lissafa ai matsewa ce a jikin mai suga, ba maganin lalacewar jijiya ta suga ba. Masu tallan ba sa rarrabewa.

Dakta Nura: A kan wannan kam ba mu da saɓani.

Alhaji Tanko: To ni ina na faɗa?

Dakta Hauwa: Yadda ka kwatanta, Alhaji, ƙafa biyu daidai wa daida, ka fi kusa da wanda zai riƙe magani, ya daidaita suga, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum kafin ya kwanta. Amma likitan da zai taɓa ƙafar da hannunsa shi ke da magana ta ƙarshe.

Ummi: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ni ba idon sawu ba ne. Tsakanin yatsa na uku da na huɗu ne, kamar tsakuwa ta shiga takalmi. Sai na cire takalmin na murza wurin nake samun sauƙi. An ce min wai jijiyar za a yanke a jefar. Yanke jijiya fa!

Auwal Ɗalibi: Wannan ƙululun Morton ne! Thomas Morton na Filadelfiya ya rubuta a kansa a 1876, ko da yake Durlacher a Ingila ya riga shi tun 1845. Ba ciwon daji ba ne, Anti, jijiyar ce ta yi kauri saboda gogayya a ƙarƙashin wani maɗauri da ya haɗa kawunan ƙasusuwan. Ya fi kama mata, kuma takalmi mai tsini da tsinin dunduniya na ƙara shi.

Ummi: Kai Auwal, ka taɓa ganin takalmana ne?

Dakta Nura: Yaron nan zai ci jarrabawa. Ummi, hanya biyu ce in an zo aiki. Ta farko a yanke guntun jijiyar da ya yi kauri a cire. Ita aka fi yi, kuma mafi yawan mutane na samun sauƙi, amma tsakanin yatsun biyu zai zauna a sage har abada. Yawanci ba ya damun mutane. Abin da muke gudu shi ne bakin jijiyar da aka yanke ya yi tsiro ya zama sabon ƙululu a daidai inda ake takawa, shi ya sa ake yankewa can baya yadda bakin zai koma cikin tsoka. Ta biyu, wadda likitan Faransa Gauthier ya bayyana a 1979, a tsaga maɗaurin kawai a bar jijiyar. Ji ba ya tafiya, kuma in bai yi ba ana iya dawowa a yanke. Ni in jijiyar ba ta yi kauri sosai ba na fi son ta biyun, wasu abokan aikina kuwa gani suke ɓata lokaci ne. Amma kafin duk wannan: takalmi mai faɗin baki, ɗan matashi a bayan kawunan ƙasusuwan, in ta kama a yi allura.

Kabiru Gashin Ƙashi: Tunda an buɗe babin, akwai wasu biyu da ake yawan kuskurewa. Ciwon dunduniyar da ya ƙi jin magani wata da watanni, wani lokaci ba tantanin tafin ƙafa ba ne, wani ƙaramin reshe ne da ake kira jijiyar Baxter ya matse tsakanin tsoka biyu. Sai kuma wanda tsakanin babban yatsa da mai bi masa ke sagewa ta sama. Wannan sau tari igiyar takalmi ce ake ɗaurewa tamau. Na ga wanda sassauta igiya kawai ya raba shi da ciwon.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, tunatarwa. Na goge saƙonni biyu na masu tallan magani. Ba a talla a nan, kuma ba a rubuta wa kowa magani ta waya.

Sista Rabi: Likitoci sun yi maganar yanka, ba wanda ya yi maganar bayan yanka, alhali mu ake bar wa jinya. Maman Husna, in har ta kai ga aikin, ki shirya tun yanzu. Fatar bayan idon sawu siririya ce, wurin kuma yana kumbura da wuri. Satin farko da na biyu ƙafa a sama take kwana, a sama take wuni, bisa matashi, sama da ƙirji in kina kwance. Kada bandejin ya jiƙe. Zare yakan kai sati biyu zuwa uku kafin a cire. Mai shan taba ya ajiye ta, don tana hana rauni haɗewa. Waɗanda muke gani sun dawo da ɗinki a buɗe, galibi masu cewa ai na ji sauƙi ne, su miƙe su kama hidimar gida a kwana na huɗu. Amma kuma ba a son a sanƙarar da ƙafar har abada. In likita ya ba da izini a fara motsa idon sawun a hankali, don kada tabo ya manne wa jijiyar. In kika ga ja yana yaɗuwa, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Anti Bilki: Sista ta faɗi gaskiya. Ni zaman ne ya fi min yankan wuya.

Maman Husna: Jama'a na dawo, yau kwana goma sha ɗaya. Suga lafiya lau, alhamdu lillahi. Sikanin ya nuna ƙululu mai ruwa a bayan idon sawun, likita ya nuna min a allon na'urar yadda ya tura jijiyar gefe. Ya ce ana iya zuƙe ruwan da allura amma yakan sake taruwa, shi ya fi son a cire shi har tushe. Na tambaye shi ko zai bi rassan kamar yadda Dakta Nura ya ce, sai ya yi dariya ya ce wa ya koya min. An sa rana wata mai zuwa.

Baban Sadik: To Hajiya, naki daban ne da nawa. Na janye. Allah ya sa a yi a sa'a.

Maman Husna: Amin Baban Sadik, kai ma Allah ya yaye maka. Tambaya ta ƙarshe, likitoci: sagewar yatsun fa, ita ma a ranar za ta tafi?

Dakta Hauwa: Ba lallai ba. Zugin yakan riga tafiya. Sagewa kuwa ta danganta da irin ɓarnar da matsin ya yi. In rigar jijiyar ce kawai ta taɓu, makonni sun isa. In zaruruwan ciki sun mutu sai sun sake tsirowa, kuma tsironsu kamar milimita 1 ne a rana. Ki sa tef ki auna daga idon sawunki zuwa babban yatsa.

Maman Husna: Na auna. Santimita 19.

Auwal Ɗalibi: Kwana 190 ke nan, Anti, wata shida da 'yan kwanaki.

Dakta Hauwa: In ta kai ga haka. Kuma a tsakanin za ki iya jin tsira-tsira da ɗan jan lantarki yana matsawa gaba wajen yatsu, kada ki ce aiki ya ɓaci.

Sista Rabi: Ki karɓi sandunan dogarawa tun kafin ranar ki koyi tafiya da su a gida, musamman hawa da saukar matakala.